Tambayi Likita: Cutar Chagas, da tsargiyar da ke kaiwa ga zuciya

Assalamu alaikum masu karatu. A wannan fitowar wasiƙu biyu kawai na ɗauka, domin ta farkon tana buƙatar fili. Waɗanda suka rubuto kan hawan jini da ciwon suga su yi mini haƙuri, wasiƙunku suna hannuna, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ni haifaffen Zangon Kumasi ne, yau shekarata 11 a wani gari kusa da Basalona a ƙasar Sifaniya. Na auri wata 'yar ƙasar Bolibiya, daga wani ƙauye a yankin Kochabamba. Muna da yarinya 'yar shekara 4, wadda maiɗakina ta tafi gida wajen mahaifiyarta ta haifa, kamar yadda ake yi a wajenmu. Yanzu tana da ciki wata 5. A wurin awo suka ɗebi jininta, suka ce tana da wata cuta wai ita Chagas. Lafiyarta ƙalau, ko ciwon kai ba ta yi. Amma tun ranar ba ta daina kuka ba, domin ta ce cutar ce ta sa aka saka wa mahaifiyarta batiri a ƙirji, kuma ita ce ta kashe kawunta, wanda ya yanke jiki ya faɗi a gona yana ɗan shekara 40 da 'yan kai. An yi mana bayani da Sifaniyanci, ko rabi ban gane ba. Sun ce ba za su ba ta magani ba sai ta haihu. Wani abokina ya ce ciwon barci ne irin na ƙudan tsando. Don Allah a taimaka mini: ni ma zan ɗauka? Jaririn fa? Za ta iya shayarwa? Shin zuciyarta ta riga ta lalace ke nan?

AMSA: Malam, Allah ya sauke ta lafiya, ya ba ka ladan tsayawa a kanta. Kafin in shiga dogon bayani bari in fara da abin da ya fi hana ka barci. Ba za ka ɗauki wannan cuta ta hanyar zama da ita ba. Ku ci a kwano ɗaya, ku kwana a shimfiɗa ɗaya, ku yi zaman aurenku yadda kuka saba. Samun cutar a jini kuma ba shi ke nuna zuciya ta taɓu ba. A cikin mutum 10 da ke ɗauke da ita, kusan 7 za su yi rayuwarsu har su tsufa ba tare da ta taɓa musu zuciya ba. Aikin da ke gabanku shi ne a gano ko maiɗakinka tana cikin bakwai ɗin ko cikin ukun, kuma akwai hanyar ganowa.

Abokinka ya yi kusa da gaskiya, amma bai same ta ba. Ƙwayar da ke kawo ciwon barci da wadda ke kawo Chagas dangin juna ne, kamar 'ya'yan wa da ƙani. Ta Afirka ƙudan tsando ne ke yaɗa ta, ita ce ta sa a zamanin Turawa aka tashi mutanen Anchau aka kafa musu Takalafiya, kuma danginta ne ke sa wa shanu sammore. Ta Chagas kuwa sunanta Trypanosoma cruzi, gidanta ƙasashe 21 na Latin Amurka, daga Meziko har Ajantina. Ta Afirka ƙwaƙwalwa take nufa. Ta Latin Amurka naman zuciya take shiga ta yi zamanta. Wani likita ɗan Birazil mai suna Carlos Chagas ne ya gano ta a shekarar 1909, a wani ƙaramin gari mai suna Lassance, inda aka tura shi yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a tsakanin leburorin da ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Mutum na farko da ya ga ƙwayar a jininsa wata yarinya ce 'yar shekara 2 mai suna Berenice, ran 14 ga Afrilu na wannan shekarar, shi ya sa yanzu duniya ke tunawa da cutar a wannan rana. Ka gaya wa maiɗakinka cewa wannan yarinya ta girma, ta yi aure, ta haura shekara 70 a duniya da ƙwayar a jikinta.

A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 6 zuwa 7 ne ke ɗauke da ita, kuma idan aka auna da yawan jama'a babu ƙasar da ta kai Bolibiya. A Turai kuwa Sifaniya ce ke da mafi yawansu, saboda 'yan ci-ranin da suka zo daga can. Abin da ya sa aka gwada ta a wurin awo ke nan. Ba wani abu suka gani a jikinta ba. Yankin Kataloniya da kuke zaune yana gwada masu ciki 'yan Latin Amurka tun shekarar 2010.

Yadda ake ɗaukarta kuwa, ka tambayi maiɗakinka ko ta san "vinchuca", za ka ga fuskarta ta sauya. Wani ƙwaro ne mai fiffike, tsawonsa kamar gaɓar yatsa, baƙi-baƙi da ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa a gefen cikinsa, kansa siriri kamar tsinke. Lokacin da na je kwas na 'yan watanni a wani asibitin zuciya a Birazil an nuna mini su a cikin kwalba, an rufe bakinta da ƙyalle. Na ɗora tafin hannuna a saman ƙyallen, kafin minti ɗaya sai ga su sun hauro suna miƙa baki, ɗumin jikina suka ji. Da rana suna ɓuya a tsagar bangon ƙasa da ba a yaɓe ba, da cikin jinka, da akurkin kaji, da inda ake kiwon ɓeran Masar. Da dare sai su sauko su sha jinin mai barci, yawanci a fuska. Cizon kansa ba shi ke sa cutar ba. Ƙwaron yana gama sha sai ya yi kashi a wurin, ƙwayar tana cikin kashin, mai barci ya sosa ya shigar da ita cikin ramin cizon ko cikin ido. Ba kuɗin cizo ba ne, kada wani ya karanta wannan ya shiga zargin katifarsa. A Afirka da Turai ba a yaɗa cutar ta hanyar ƙwaro. Sauran hanyoyin su ne daga uwa zuwa ɗan da ke ciki, da ƙarin jini, da dashen wani sashe na jiki, da shan abin da ƙwaron ya faɗa ciki aka niƙa da shi, kamar yadda ya faru da ruwan rake a kudancin Birazil a 2005.

Mai yiwuwa tun tana ƙarama ta ɗauka, ko ma daga cikin mahaifiyarta. Farkon shigar cutar yakan ɗauki kimanin wata biyu: ɗan zazzaɓi, kasala, wani lokaci fatar ido ɗaya ta kumbura ba zafi. A ƙauye wa zai kai yaro asibiti don wannan? Daga nan sai ta lafa, shekara 10, 20, har 30, mutum yana noma yana haihuwa bai san da ita ba.

A wajen mutum 2 zuwa 3 cikin 10, a tsawon waɗannan shekarun ƙwayar da garkuwar jiki suna ta fafatawa a cikin naman zuciya, kuma duk inda aka gwabza sai a bar tabo. Zuciya tana da wayoyinta na wuta, su ke kai saƙon bugawa daga sama zuwa ƙasa. Tabon yakan fara cin waɗannan wayoyin. In ya yanke su, bugun zuciya ya sauka zuwa 40 ko 30 a minti, mutum ya riƙa jiri yana suma. Wannan ne ya sami surukarka, batirin da aka saka mata shi ke aika saƙon da wayar ta daina kaiwa. Wani lokaci kuma tabon yakan sa wutar ta riƙa zagaye a wuri ɗaya, zuciya ta kama gudu babu tsari har ta kasa tura jini. Mutum yana tsaye da fartanya a hannu sai ya faɗi. Ina kyautata zaton abin da ya sami kawunta ke nan, Allah ya ba ta haƙuri. Hanya ta uku ita ce naman zuciyar ya saki, ta buɗe ta yi girma, ƙarfin turawa ya ragu, sai haki, da kumburin ƙafa, da kasa kwanciya sai an tara matasan kai.

Akwai wata alama da ban taɓa mantawa ba. Wani manomi ne ɗan shekara 46 aka kwantar a gabanmu, malamina ya ɗora masa kan na'urar hoton zuciya a ƙarƙashin nonon hagu, ya ce in kalli can ƙarshen zuciyar, inda ta tsuke. Duk sauran naman yana matsewa yana saki, amma wannan wurin ya yi siriri, ya kumburo waje kamar inda tayar keke ta yi ƙulu. A cikin ƙulun akwai gudan jini kamar ƙwayar gyaɗa, yana ɗan motsi da kowane bugu. Mutumin ba don ciwon zuciya aka kawo shi ba, hannunsa na dama ne ya mutu, bakinsa ya karkace. Wani ɓangare na gudan ne ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. A Birazil da Bolibiya, duk matashin da ɓarin jikinsa ya shanye ba hawan jini, Chagas na cikin abin da ake fara nema.

To ta yaya za a san matsayin maiɗakinka?

Na farko, ka tabbatar gwajin jini iri biyu aka yi mata. A wanda ya daɗe da cutar ƙwayar ba ta da yawa a jini, ba a ganinta a madubin likita, sai dai a nemi alamar da garkuwar jiki ta bari. Gwaji ɗaya yana iya kuskure, don haka ƙa'ida ita ce a yi biyu mabambanta, in sun saɓa a yi na uku. Ka duba takardar, ko ka tambaya kai tsaye.

Na biyu shi ne ECG, gwajin da ake manna wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, na'ura ta zana bugun zuciya a takarda. Minti 5 ne, ba allura, ba ya cutar da ciki, ana iya yi mata ko gobe. A wannan cutar ina ganin babu gwajin da ya kai shi amfani idan aka dubi arharsa. Akwai zanen da likitocin can suka haddace: toshewar wayar ɓangaren dama, haɗe da toshewar reshen gaba na wayar hagu. In ECG ɗinta ya fito lafiya lau, wannan babban albishir ne, domin masu irin wannan sakamako rayuwarsu a shekarun da ke biye ba ta da wani bambanci sosai da ta wanda ba shi da cutar. Sai dai ba a yi sau ɗaya a ajiye. Kowace shekara za ta maimaita, ko da tana jin garau, har iyakar rayuwarta. Ku sayi jaka guda ku riƙa tara takardun, domin likita yana gane sauyi ne idan ya ajiye na bana kusa da na bara.

Na uku hoton zuciya na eko, irin sikanin da ake yi wa ciki, shi ma ba ya cutar da jariri. Shi ke nuna girman zuciya, da ƙarfin turawarta, da ƙulun nan da na ba ka labari. In an ga wani abu, ko tana jin faɗuwar gaba da jiri, sai a ɗaura mata ƙaramar na'ura mai suna Holter ta kwana da ita awa 24 tana ɗaukar kowane bugu. Akwai kuma hoton MRI mai nuna tabon kansa, amma wannan sai bayan haihuwa, in an ga buƙata. Daga waɗannan gwaje-gwajen likitocin Birazil suka fitar da ma'auni a 2006, mai duba abu shida: yawan haki, girman zuciya a hoton ƙirji, raunin bugawa a eko, gudun zuciya mara tsari a Holter, ƙanƙantar zanen ECG, da kasancewar mutum namiji. Ka lura da na ƙarshen, cutar ta fi tsananta wa maza. Macen da ba ta haki, in sauran gwaje-gwajenta sun yi kyau, tana can ƙasan ma'aunin.

Yanzu maganar magani, wadda na san ita ta fi ɓata maka rai. Likitocin sun yi daidai da suka ce a jira. Magunguna biyu ne ke kashe ƙwayar, benznidazole da nifurtimox, dukansu tsofaffi ne, sun haura shekara 50, kuma ba a ba mai ciki ko ɗaya. Cutar da ta yi shekara 20 ko 30 a jiki ba za ta yi wani sabon abu a 'yan watannin nan ba. Bayan ta haihu, yawancin likitoci sukan jira ta yaye, sannan a fara. Benznidazole ake fara bayarwa, gwargwadon nauyin jiki, kullum har kwana 60. Ba zan ɓoye maka ba, yana da wahalar sha ga manya. Kusan mutum 4 cikin 10 sukan ga wata matsala: ƙuraje da ƙaiƙayi a makonnin farko, tashin zuciya, daga baya wasu su ji tafin ƙafa yana zafi kamar sun taka barkono. Ana bin mutum da gwajin jini ana duba hanta. In ƙuraje sun fito da zazzaɓi a dakata a koma asibiti ran nan. Kuma kada ta ɗauki wani cikin a tsawon kwanakin shan maganin, wannan sai kun zauna ku biyu kun tsara.

Dalilin da ya sa nake so ta sha shi duk da wahalarsa yana cikin wani babban bincike da aka fitar a 2015, mai suna BENEFIT. An ɗauki mutum 2,854 a Ajantina, Bolibiya, Birazil, Kolombiya da El Salvador, dukansu cutar ta riga ta taɓa musu zuciya. Rabi aka ba su benznidazole, rabi aka ba su ƙwayar da ba magani a ciki, aka bi su fiye da shekara 5. Maganin ya rage ƙwayar cutar a jini, amma bai hana zuciyar ci gaba da lalacewa ba. Likitoci da yawa sun yi baƙin ciki da wannan sakamako, ni ma haka. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne tun ran gini ran zane. Maganin kashe ƙwayar cutar yana da amfani ne kafin tabo ya kafu. Maiɗakinka, in gwaje-gwajenta sun yi kyau, tana daidai lokacin da ya dace. Ga kuma riba ta biyu wadda babu gardama a kanta: matan da suka sha maganin kafin su sake ɗaukar ciki, da wuya ƙwarai su ba ɗan da ke ciki cutar. Abu ɗaya kawai, kada ku yi tsammanin gwajin jininta zai wanke da ta gama sha. A manya alamar takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta ɓace, wannan ba ya nufin maganin bai yi aiki ba.

In kuwa an tarar zuciyar ta taɓu, ba a naɗe hannu. Sai a koma kula da zuciyar kanta, kuma nan akwai abin yi da yawa. Ga raunin bugawa akwai magunguna irin su enalapril, carvedilol da spironolactone, da furosemide mai fitar da ruwan da ya taru. Ga gudu mara tsari akwai amiodarone, ko a dasa na'urar da ke gane mugun bugu ta ba zuciya ɗan shokin ta dawo daidai. Ga yankewar waya akwai batiri irin na surukarka. Ga gudan jini akwai maganin tsinka jini. Har dashen zuciya ana yi musu, kuma suna samun nasara a kai. A wannan cutar ana taka-tsantsan da magungunan da ke rage gudun zuciya, tunda dama wayoyin a raunane suke, don haka kada ta taɓa aron maganin wani.

Jaririn kuwa, a cikin haihuwa 100 na iyaye mata masu cutar, kimanin 5 ne ke zuwa da ita. Ba a buƙatar yi mata tiyata don wannan, haihuwa ce kamar kowace. Za a ɗebi jinin jaririn a kwanakin farko a nemi ƙwayar kanta. In ba a gani ba, za a ce ku dawo yana wata 9 ko 10, lokacin da alamar da ya gada daga jinin uwa ta gushe. Wannan komawar ce iyaye suka fi mantawa da ita, domin yaro yana wasa yana dariya, wa zai tuna? Ka rubuta ranar a inda za ka riƙa gani. Jaririn da aka ba magani kafin ya cika shekara kusan dukansu suna warkewa sarai, kuma yara sun fi manya jure maganin nesa ba kusa ba. Nono kuma ta ba shi ya sha ya ƙoshi. Sai dai in kan nonon ya tsage yana jini, ta dakatar da wannan ɓangaren har ya warke.

Akwai wadda ba ka tambaye ni a kanta ba, kuma ita ta fi tsaya mini a rai: 'yarku mai shekara 4. A Bolibiya aka haife ta, daga wannan uwar, kuma ta kwana a gidan kakarta. Ka kai ta a gwada ta a wannan makon. In tana da ita, a shekarunta magani yana aiki sosai. Haka ƙannen maiɗakinka da yayyenta, na Sifaniya da na gida, da 'ya'yan 'yan'uwanta mata, ka sa ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma kada ta ba da gudummawar jini har abada. In wata rana kuka koma Kumasi da zama, ku tafi da takardunta, ku faɗa wa duk likitan da zai duba ta sunan cutar, domin likitocinmu na wannan yanki ba su saba cin karo da ita ba. In ta suma, ko ƙirjinta ya kama dukan da ba ya tsayawa, ko numfashi ya sarƙe, ko baki ya karkace, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. In abinci ya fara tsaya mata a ƙirji, ko ta riƙa kwanaki ba ta yi bayan gida ba, ku faɗa, domin a wajen mutum 1 cikin 10 cutar takan buɗa maƙoshi ko babban hanji. A ganawa ta gaba kuma ka nemi a kawo muku tafinta, haƙƙinku ne ku fahimci abin da ake faɗa.

TAMBAYA: Likita, ni manomin shinkafa ne daga yankin Kura a jihar Kano. Ƙanena ɗan shekara 28 cikinsa ya daɗe yana kumbura, bara ya yi aman jini sau ɗaya. Yanzu ko buhu rabi ba ya iya ɗauka sai haki, ƙafafunsa sun kumbura. A asibiti an ce wai tsargiya ce ta taɓa masa zuciya. Mu dai mun san tsargiya fitsarin jini ce, shi kuwa bai taɓa yi ba. Anya ba kuskure suka yi ba?

AMSA: Malam, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Ban duba shi ba, amma abin da ka zayyana ya yi daidai da abin da suka faɗa. Tsutsar da ke kawo tsargiya iri biyu ce a ƙasarmu. Wadda kowa ya sani tana zama a jijiyoyin mafitsara, ita ke kawo fitsarin jini. Ɗayar tana zama a jijiyoyin hanji, ba ruwanta da fitsari. Dukansu daga ruwa ake ɗauka, dodon koɗi ne ke sakin 'ya'yan tsutsar, su huda fatar wanda ya shiga fadama ko magudanar noman rani.

Ta hanjin ƙwayayenta jini ke kwasa ya kai hanta. Shekara da shekaru suna maƙalewa a can, hanyoyin jinin hanta su ƙanƙance, saifa ta kumbura, jini ya rasa hanya ya nemi ɓarauniya. Wasu daga cikin waɗannan ɓarayin hanyoyi a ƙasan maƙoshi suke, in ɗaya ta fashe shi ne aman jinin da ya yi. Ta waɗannan hanyoyin ne kuma ƙwayayen ke tsallake hanta su isa huhu, su toshe ƙananan jijiyoyinsa, bangon jijiyoyin ya yi kauri. Ɓangaren dama na zuciya shi ke tura jini zuwa huhu, kuma ba a halicce shi don tura kaya mai nauyi ba. Kamar injin ban-ruwa ne da aka matse masa bakin tiyo: zai yi ta ƙugi, ya yi zafi, daga baya ya gaza. Sai haki, da kumburin ƙafa, da jijiyoyin wuya su tashi. Kimanin mutum 1 cikin 20 na waɗanda tsargiya ta lalata wa hanta ne ke kaiwa nan.

Abin da za a yi masa: gwajin bayan gida don neman ƙwayayen, sikanin hanta da saifa, da hoton zuciya na eko don auna ƙarfin da jini ke fuskanta a huhu. In an sami hali akwai gwajin da ake zura siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya a auna kai tsaye, shi ne mai tabbatarwa. A duba kuma ciwon hanta na B da C, da tarin fuka, domin suna iya haɗuwa da ita ko su yi kama da ita. Za a ba shi praziquantel ya kashe tsutsar, amma ka sani wannan ba zai buɗe jijiyoyin da suka riga suka yi kauri ba, hana ƙaruwa zai yi. Don huhun akwai magunguna masu buɗe jijiya, cikinsu har da sildenafil. Na san a kemis an fi sanin wannan magani da sunan maganin ƙarfin maza, kada kunya ta hana shi sha in likitan zuciya ya rubuta, kuma kada ya saya da kansa, domin yadda ake shansa a wannan ciwon daban ne. A rage masa gishiri da kanwa. Ya nisanci magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac da asfirin, suna iya tayar da aman jinin. Ka nemi a leƙa maƙoshinsa da na'ura, in akwai jijiyoyin da suka kumbura a ɗaure su kafin su sake fashewa.

Kai ma da kuke shiga ruwa ɗaya da shi, da yaran da ke taya ku dashe, ku je a gwada ku ku karɓi praziquantel. Idan ma'aikatan lafiya sun zo rabonsa a makarantar yaranku, ku bari su sha, bayan sun ci abinci.